Gyaran Burki a Ƙofar Gida

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jos ta nufi Akwanga ya san Hawan Kibo. Ga mai shiga Jos hawa ne, kamar yadda sunan ya nuna, amma ga mai barin garin gangara ce doguwa mai kwane-kwane, wadda ke sauko da matafiyi daga kan tsaunukan Filato, inda Jos take zaune a tudun da ya kai kimanin mita 1,200 bisa teku. Direbobi ba su cika son hira a wannan wuri ba, domin a nan ne mota ke tona asirin wanda ya yi mata gyara.

Akwai wani dattijo a Jos, wanda ya haura shekara 60, sana'arsa kuwa ita ce sarin dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ya kai Abuja. Ya fara ne a matsayin yaron mota a ƙarshen shekarun 1970, a bayan wata akori-kura ƙirar Peugeot 404, zamanin da motocin wannan kamfani suka cika ƙasa bayan an fara haɗa su a Kaduna a 1975. A wancan zamani ba a kiran mutum direba sai ya iya kwanciya ƙarƙashin mota, domin idan ta tsaya a daji babu mai ceto sai Allah, sai kuma sifanar da ke ƙarƙashin kujera. Da hannunsa ya koyi sauya takalmin burki, da saita kabureta, da ɗaure abin da ya kwance. Amma da Allah ya hore masa ya sayi Toyota Hilux ƙirar 2012, ta hannu, mai jan ƙafa huɗu, sai ya buɗe bonet ya ga wayoyi birjik da akwatuna a rufe, ya mayar ya rufe, ya ce wannan ba tasa ba ce, ta yaran zamani ce. Tun daga ranar ko ƙaramin abu ne sai gareji.

A damunar 2023 yana saukowa Hawan Kibo da lodi, sai hancinsa ya jiyo ƙauri, can kuma ya taka burki ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka tsumma. Da yake tsohon hannu ne bai ruɗe ba, ya yi ta sauke giya ɗaya bayan ɗaya, injin na kururuwa, yana ɗan jan burkin hannu yana saki, har ya samu wuri ya raɓe. Mako uku ke nan rak da ya biya kuɗin gyaran burki a wani gareji.

Hausawa kan ce burki ya tsinke, ko ya ƙwace. Kalmar tsinkewa kuwa ta igiya ce da zare, ta kuma dace da keke, inda waya ko ɗan sandan ƙarfe ke haɗa hannun mahayi da taya. A mota babu abin da ya tsinke a wannan rana. Abin da ke tsakanin ƙafar direba da taya ruwa ne, watau man burki, wanda ke cikin siraran bututu. Tun cikin ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe cikin mazubi, matsin yakan isa kowane sashe nasa daidai wa daida. Ruwa ba ya yarda a dunƙule shi, shi ya sa taku ɗaya ke isa tayoyi huɗu a lokaci guda. Tururi kuwa da iska suna dunƙuluwa. Shi kuma burki ba ya da wani aiki face mayar da gudu zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin da za a fitar kafin a tsaya ninki huɗu yake yi. To, mota da lodinta sun doshi tan 3, ga gangara mai tsawo, duk wannan nauyi a kan faya-fayan ƙarfe biyu na gaba mafi yawansa ke sauka. Man burki irin wanda ake rubuta wa DOT 3, idan sabo ne, ƙa'ida ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas. Sai dai yana da wani hali, yakan zuƙi laima daga iska sannu a hankali, kuma ga wanda ya riga ya sha ruwa digiri 140 kawai ƙa'idar ta nema. Man da ya shekara da shekaru a mota, idan ya gamu da zafin Hawan Kibo, tafasa yake yi, direba ya taka tururi yana zaton burki ya taka.

Dattijon bai san waɗannan alƙaluma ba, amma da ya buɗe ɗan tankin man burki ya ga abin da ke ciki ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, ya fahimci abin da ya isa a fahimta. Bai koma garejin ya yi faɗa ba. Gaskiya kuwa ba duka laifin ke kan kanikawa ba, domin akwai gwanaye a cikinsu waɗanda ba su taɓa shiga aji ba amma kunnensu ya fi na'ura. Sai dai mai mota yakan matsa a rage kuɗi har ya kai inda kaya mai kyau ba zai samu ba, maigidan gareji kuma yakan miƙa aikin ga yaro ya tafi wani, kowa ya rabu da kowa yana ganin ya ci riba. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, ba kowane mai mota ke iya biyan gyara biyu a wata ɗaya ba. Saboda haka ya ce wannan karon da hannunsa zai yi, in ya so kome ya faru ya san wanda zai tuhuma.

Autansa, wanda ke hutun makaranta a lokacin, shi ya samo littafin gyaran motar ya sauke a wayarsa. Ba ɗan littafin da ake bayarwa tare da mota ba, wanda iyakarsa ya ce a kai ta wurin dillali, a'a, babban wanda aka rubuta domin kanikawa, mai zane-zane da awo. Uban ya dubi wayar a wulaƙance, ya ce, "Wannan littafin naka ya taɓa sauka Hawan Kibo?" Yaron ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, riƙe shi, ka miƙo mini abin da na ce."

Ran Asabar da hantsi suka fara, a filin ƙofar gida. Farkon aikin duk na dattijon ne, yaron sai kallo. Ya sa motar a giya, ya ja burkin hannu, ya tokare tayoyin baya da weji. Ya sassauta notuna shida na kowace tayar gaba tun tana ƙasa, domin in an ɗaga ta juyawa za ta yi ta yi. Da jak ya ɗaga, sai ya hana yaron matsowa har sai da ya tura wani jibgegen gungume ƙarƙashin shasi, ya kuma kwantar da tayar da aka cire a gefensa. Yaron ya kawo bulon siminti domin ya ƙara, uban ya ce ya mayar. Ya ce bulo ba ya sallama in zai fashe, kuma ya san mutumin da jak ya yaudara a wani gari, wanda har ya mutu da sanda yake tafiya.

Da taya ta fita sai ga faifan burki, da kuma ƙarfen da ya rungume shi, wanda kanikawa ke kira kalifa. A nan ilmin dattijon ya fara gajarta. Abin da ya saba da shi shi ne burkin ganga, inda takalma biyu ke buɗewa su matse cikin gangar daga ciki, sa'an nan sifirin ya jawo su su koma. Wannan kuwa matse faifai yake yi daga waje, kamar yadda mutum zai riƙe faranti tsakanin tafukansa biyu, kuma a irin wannan mota fistin huɗu ke cikin kowace kalifa, biyu ta ciki biyu ta waje. Yaron ya karanta cewa ba sai an kwance kalifar ba, ƙusoshi biyu ne kawai ke riƙe da ƙosassun burkin, watau fad, tare da wata 'yar waya da ke hana ƙusoshin zarewa. Uban bai ce uffan ba, ya ɗauki fulaya ya zare wayar, ya ƙwanƙwasa ƙusoshin suka fito. Ya dai kafa sharaɗi ɗaya daga tsohon ilminsa, cewa ba za a taɓa ɓangaren hagu ba sai an gama na dama, domin in an manta yadda wani abu yake a je a leƙa ɗan'uwansa.

Fad ɗin da aka sa mako uku da suka wuce ya fito yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, gefensa ya fara ɓarɓashewa, na ciki kuma ya ci a karkace, sama ya fi ƙasa. Dattijon ya juya shi a hannu, ya ce akwai fistin ɗaya da ba ya komawa, shi ne ke ta gugar faifai ko ba a taka ba, tun daga Jos yake dafa man kafin a kai gangara. Littafin bai faɗi haka ba a wannan shafi, yatsunsa ne suka karanta. Ya tura leɓe zai hure ƙurar da ta taru, yaron ya ce kada ya hura, domin an daɗe ana haɗa kayan burki da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka zuba cikin fad mai araha. Uban ya tuna shekarun da ya yi yana hure gangunan burki da bakinsa, ya karɓi jiƙaƙƙen tsumma ya goge.

Gardama ta gaske a kan mayar da fistin ta tashi. Sabon fad ya fi tsoho kauri, saboda haka dole a tura fistin su koma ciki kafin ya samu wurin shiga. Dattijon ya ɗauko ƙaton sukuddireba zai banƙare su kawai. Yaron ya ce, "Baba, a yi haƙuri, in aka tura haka baƙin man nan baya zai koma, ya bi ta cikin na'urar ABS." Uban ya ce, "Mece ce kuma wannan?" Ita dai wannan na'ura, wadda kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da irinta ta lantarki kasuwa a 1978, aikinta shi ne hana taya daskarewa. Kowace taya tana da ɗan ma'auni da ke ƙirga juyawarta, idan ɗaya ta nemi tsayawa cik alhali mota na tafiya, sai na'urar ta saki burkinta ta sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, domin sitiyari ya ci gaba da jin magana. Ƙofofin da ke cikinta ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ya isa ya toshe su. Yaron ya nuna masa siririyar wayar ma'aunin da ta bi bayan faifai, wadda saura kaɗan ya jingina guduma a kanta. Dattijon ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya ce a kawo tiyo da kwalba. Suka zura tiyon a kan ɗan notin fitar da iska, suka sassauta shi, uban na tura fistin a hankali baƙin man na zuba cikin kwalba, kafin ya saki kuma yaron ya ɗaure. Fistin ukun suka koma salin-alin, na huɗun ya ƙi, sai da ya wanke wuyansa da sabon man burki, ya yi ta lallashinsa kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Da robar da ta rufe shi ta yage, da aikin ya wuce sauya fad, amma Allah ya sa lafiyarta ƙalau.

Faifan ma sai da aka auna. Kamfani yakan buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a jikin faifan kansa, aka kankare tsatsa aka karanta, aka aro ma'auni wurin wani maƙwabci mai walda, aka ga da saura. Suka zura sababbin fad, waɗanda dattijon ya saya cikin kwalinsu a rufe bai nemi ragi ba, ya kuma kiyaye kada ko ɗigon giris ya taɓa fuskarsu. Suka mayar da ƙusoshi da waya, suka koma hagu suka maimaita, domin burki ba a sauya masa ƙafa ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe guda.

Ana cikin mayar da taya ta biyu hadari ya haɗo daga gabas, irin na Jos mai zuwa ba shawara. Saura aikin baya da sauya mai, dattijon kuwa ba ya son ruwan sama ya samu tankin man burki a buɗe. Ya ce a sauke motar ya matsar da ita ƙarƙashin rumfa. Yaron ya kwashi kayan aiki ya yi cikin zaure da su. Uban ya cire weji, ya shiga, ya tayar da inji, ya saki burkin hannu, ya sa ribas. Filin yana da ɗan gangare wajen titi, motar ta fara silalewa, ya taka burki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da komai ba. A madubi ya hango jikarsa, 'yar shekara huɗu, ta fito da gudu tana tsince takalman da aka bari a waje kada ruwa ya jiƙa su. Ya fizgi burkin hannu da dukan ƙarfinsa, yana dukan na ƙafa ba ƙaƙƙautawa. Motar ta yi tsalle ta tsaya. Tsakanin bodi da yarinyar bai fi kamu ɗaya ba, ita kuwa ba ta ma san abin da ake ciki ba, ta ɗauki takalmanta ta shige gida.

Dalilin ba boyayye ba ne. Fistin takwas aka tura suka koma can ciki, takun farko da na biyu duk a cike wannan gibi suke ƙarewa, sai an yi ta takawa mota na tsaye har ƙafa ta ji tauri kafin fad ya iso faifai. Burkin hannu kuwa da waya yake aiki a kan tayoyin baya, ba ruwansa da mai, kuma ba a riga an taɓa bayan ba. Gargaɗin yana nan cikin littafin, a ƙarshen babin, yaron bai kai wurin ba domin a tsakiya aka ce ya ajiye waya ya riƙe tiyo. Dattijon ya zauna cikin motar ruwa na dukan gilashi, hannunsa na kan burkin hannu bai saki ba. Da a gareji aka yi wannan, da ya san ƙofar da zai je ya tsaya da bakin da zai zaga. Yaron ya zo ya tsaya a gefen taga, ruwa na zuba a kansa, ya ce, "Baba, laifina ne, ban karanta har ƙarshe ba." Uban ya ce, "Kai ka shiga mota ko ni? Shiga daga ruwa."

Ba a ƙara taɓa sifana ba a ranar. Bayan sallar isha'i dattijon ya kira yaron zaure, ya ce ya karanta masa babin burki tun daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake ko layi ɗaya, yana mayarwa da Hausa. Abin ya ɗauke su har dare ya raba, domin kalmomi da yawa ba su da Hausar da aka sani, sai yaron ya kwatanta, uban ya ce, "Af, ai wannan shi muke ce wa kaza," ko kuwa su laƙaba masa suna nan take. Inda littafi ya faɗi abin da ya sani yakan gyaɗa kai, inda ya faɗi sabo yakan ce a maimaita.

Kashegari aikin baya bai ba su wahala ba, gidan dattijon ne. Suka tokare tayoyin gaba, suka saki burkin hannu, ya zare gangunan, ya ga takalman da sauran nama, ya goge, ya saita, ya mayar. Yaron ya ɗauki hoton sifirin da waya kafin a taɓa, uban bai hana ba. Sai sauya mai, wanda aiki ne na mutum biyu. Suka fasa sabuwar roba da hatiminta, ba irin wanda ake ɗurawa a kwalba a bakin titi ba, suka fara daga tayar da ta fi nisa da masta. Yaron na kan kujera, uban na tsugune da sifana. "Taka. Taka. Riƙe!" "Na riƙe, Baba." Ya sassauta noti, baƙin mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki." Haka suka yi ta yi taya bayan taya har abin da ke fitowa ya zama garau. Bayan kowane 'yan taku dattijon yakan miƙe ya je ya duba tanki ya ƙara, domin daren jiya ya ji cewa idan tankin ya ƙafe iska ta shiga cikin na'urar ABS, fitar da ita kan buƙaci kwamfutar da ake jonawa da mota, wadda babu ita a ƙarƙashin kujerar kowa. Wannan iyaka ce, ya kuma yarda da ita. Ya gargaɗi yaron kada man ya ɗiga a jikin mota, fenti yake ci.

Da aka sauke motar ya ɗaure notuna yana tsallake ɗaya zuwa na gabansa, ba bi da bi ba. Ya shiga, ya taka burki sau goma sha wani abu inji a kashe, ya tayar ya sake takawa, ya aiki yaron ya duba bayan mota da ƙarƙashinta, sa'an nan ya motsa. Suka fita bayan gari inda babu jama'a, ya riƙa ɗaukar matsakaicin gudu yana ragewa a hankali ba tare da ya tsaya cik ba, sau da dama, domin sabon fad da tsohon faifai su saba da juna. A kan wata hanyar tsakuwa yaron ya ce ya gwada takawa da ƙarfi. Ya taka, burkin ya yi ta karkarwa ƙarƙashin ƙafarsa yana gurnani, saura kaɗan ya ɗage, yaron ya ce, "Kada ka saki, Baba, ita ce ke aiki." Motar ta tsaya a miƙe. Dattijon ya ce shekara nawa yana jin wannan karkarwa a kan laka yana zaton wani abu ne ya kwance.

Ran Talata da asuba suka yi lodi, ya ce yaron ya raka shi. Tun kafin bakin gangara ya sauke giya, ya bar inji ya riƙe motar, yana taka burki kaɗan yana ɗagawa domin faifai ya sha iska. Babu wanda ya yi magana har suka sauka. A ƙasa ya raɓe gefen hanya, ya fito ya zaga, yana kai bayan hannunsa kusa da kowace taya ba tare da ya taɓa ba. Na gaba biyu ɗuminsu ɗaya. Ya ɗauko sifanar taya ya sake bin notuna ashirin da huɗu, ɗaya ne kawai ya ɗan motsa. Ya mayar da sifanar ƙarƙashin kujera, ya ce wa yaron, "Shiga mu tafi, kada rana ta dafa mana dankali."